Fastocin farfagandar yaƙi: yadda ake samun su, a gane na asali, a adana su

Masu karatu sun daɗe suna turo tambaya a kan fastocin nan na zamanin yaƙin duniya da har yau ba su tsufa ba: dattijon nan mai farin gemu da doguwar hula da ke nuna mutum da yatsa, da matar nan mai jan kallabi da ta naɗe hannun riga tana nuna ƙwanji, da jar takardar nan mai kambin sarautar Ingila. Wasu ado suke so a shago ko ofis ko ɗakin karatu. Wasu kuma sun ga ana tallar “na asali” a intanet suna so su san ko da gaske ne. Amsar ta fi ƙarfin layi biyu, shi ya sa na jero matakan a nan. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, a wannan harka takardar ce shaida. Bakin mai sayarwa ba shaida ba ne, komai daɗinsa.

1. Ka fara sanin abin da kake nema

Fasta iri uku ce a kasuwa. Akwai ta asali, wadda aka buga a lokacin yaƙin don a manna a bango. Akwai tsohon kwafi, wanda gidajen tarihi da kamfanoni suka sake bugawa shekaru bayan yaƙin, har shi ma ya yi tsufan da zai ruɗi mutum. Sai sabon kwafi na yau.

In ado kake so, mutum tara cikin goma a ganina sabon kwafi ya dace da su. Daga nisan taku uku ba mai bambance shi da na asali, rana ta ci shi ka sake buga wani, kuma kuɗinsa bai wuce na takarda da firam ba. Ka karanta mataki na 2 da na 3, sannan ka tsallaka zuwa na 8. Sauran matakan na wanda ya ƙuduri aniyar riƙe takardar da ta ga zamanin ne.

2. Zaɓi fasta, ka san labarinta kafin ka taɓa aljihu

Sanin yawan da aka buga da inda aka kai su shi ne katangarka ta farko. Ga misalai huɗu da aka fi tambaya.

Ta Uncle Sam, dattijon nan mai nuna yatsa, mai cewa “I Want You for U.S. Army” James Montgomery Flagg ne ya zana ta, aka buga kimanin miliyan 4 a Amurka tsakanin 1917 da 1918. Ya ɗauko salon nuna yatsan ne daga zanen Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya na lokacin, da Alfred Leete ya yi a Ingila a 1914. Tun da an buga da yawa, ana samun ta asali a gidajen gwanjo, amma kuɗinta dubban daloli ne. An kuma sake buga ta a Yaƙin Duniya na Biyu, don haka ta 1917 daban, ta baya daban, farashinsu ma daban.

“Keep Calm and Carry On”, jar takardar nan mai kambi, Ma’aikatar Yaɗa Labarai ta Birtaniya ta buga ta a 1939, kwafi kusan miliyan biyu da rabi, aka ajiye ana jiran ranar da bama-bamai za su fara sauka. Ba a manna ta ba sai a wurare ƙalilan, kuma a 1940 aka niƙe mafi yawansu saboda ƙarancin takarda. Duniya ba ta san da ita ba sai a shekarar 2000, da aka tsinci guda a cikin akwatin tsofaffin littattafai a kantin Barter Books da ke garin Alnwick. Waɗanda suka tsira kaɗan ne ƙwarai.

“We Can Do It!”, ta matar nan mai jan kallabi, ta fi ma wuya. J. Howard Miller ya zana ta wa kamfanin Westinghouse, aka rataye ta a cikin masana’antunsu na mako biyu kacal a watan Fabrairun 1943. A ƙasanta ma an rubuta ranakun: daga 15 zuwa 28 ga wata. Sai a farkon shekarun 1980 ta yi suna. Na asalin da aka sani suna hannun manyan gidajen adana tarihi na Amurka.

Gargaɗi: duk wanda ya ce yana da ɗaya daga cikin waɗannan biyun na ƙarshe, ta asali, a kan dala hamsin ko ɗari, kada ka ɓata lokacinka kana ciniki.

Ta huɗu ta Tarayyar Sobiyet ce, matar nan mai jajayen tufafi da ta ɗaga hannu tana kiran ’ya’yan ƙasa, wadda Irakli Toidze ya zana a 1941. Gwamnatin Sobiyet ta yi ta sake buga fastocin yaƙinta a bukukuwan tunawa da nasara, to yawancin abin da ke yawo daga cikin waɗannan ne.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar waɗannan taurarin. Fastocin Amurka na sayen takardun bashin yaƙi, da na tsimin abinci da mai, da na noman lambu a bayan gida, an buga su jibgi, kuma da yawa ana samun na asalinsu daga ’yan gomomin daloli zuwa ’yan ɗaruruwa. Mu kuma akwai fannin da ya shafe mu kai tsaye. Birtaniya ta buga jerin fastoci mai taken “Our Allies the Colonies”, wato ƙawayenmu na ƙasashen mulkin mallaka, kuma a ciki akwai ta rundunar RWAFF ta Afirka ta Yamma, rundunar da kakanninmu suka shiga aka kai su ƙasar Bama (Burma) a Runduna ta 81 da ta 82. Wanda kakansa ya je Bama, wannan ta fi masa ma’ana a bango fiye da Uncle Sam.

Gargaɗi: ka nisanci fastocin ’yan Nazi masu tambarinsu. A Jamus doka ta hana baje wannan tambari sai don dalilai irin su ilimi ko bincike, manyan kasuwannin intanet ma suna cire irin kayan, ga shi jabu ya yi katutu a fannin. Haka wasu fastocin Amurka da ke zana Japanawa kamar ɓeraye ko birai. Tarihi ne, amma ba na bangon shagon da baƙi ke shiga ba ne.

3. In kwafi ne, buga da kanka

Je shafin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wato Library of Congress. Suna da fastocin Yaƙin Duniya na Farko kimanin 1,900 da aka ɗauka a kwamfuta, na ƙasashe daban-daban, kuma saukewa kyauta ne. Na yaƙi na biyu kuma Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Amurka tana da su dubbai. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan shi ne kan gaba a na Birtaniya da ƙasashen da ta mallaka, sai dai hotunansu suna da sharuɗɗan amfani, ka karanta kafin ka buga.

A ƙarƙashin kowane hoto za ka ga zaɓin girma. Ɗauki mafi girma, yawanci mai suna TIFF. Nauyinsa zai ci data, amma shi ne aikin. Takarda A2, mai faɗin santimita 42 da tsawon 59.4, tana buƙatar hoto mai ɗigo aƙalla 2,480 a faɗi da 3,500 a tsawo. In ka samu ninkin haka, madalla.

Zuba shi a filashi ka kai maɗaba’a da hannunka.

Gargaɗi: kada ka tura wa mai bugu hoton ta WhatsApp a matsayin hoto. Manhajar tana matse shi, ya fito dishi-dishi, rubutun ya yi gashi-gashi a gefe. In dole ne, tura shi a matsayin fayil.

A maɗaba’a ka ce takarda kake so mai kauri marar sheƙi. Za su so su tura ka ga fileks, don shi suka saba bugawa na ’yan siyasa da na biki. Ka ƙi. Sheƙin roba yana kashe wannan zane gaba ɗaya. Ka kuma tsaya a kan mai kwamfuta kada ya ja hoton ya cika takarda, domin girman tsofaffin fastoci bai yi daidai da A2 ko A1 ba, in aka ja sai fuskar ta yi faɗi. A bar farin gefe. Ka sa ya fara buga ƙarami a A4 ku ga launi, musamman ja, wanda ya fi saurin komawa ruwan lemo.

In sayarwa za ka yi, tsaya ka duba haƙƙin mallaka. Abin da gwamnatin tarayyar Amurka ta samar da kanta ba shi da wannan takunkumi, na gwamnatin Birtaniya na lokacin yaƙi ma wa’adinsa na shekara 50 ya daɗe da cika. Na masu zanen Sobiyet lamarin ya bambanta, Toidze dai sai 1985 ya rasu. Kuma ka rubuta a jiki cewa kwafi ne.

4. Kayan aikin mai neman ta asali

Ba su da yawa. Gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo da waya. Ƙaramar tocila mai shuɗin haske, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Tef ɗin awo mai inci a gefe guda, don da inci aka yanka takardun. Fensir da littafin rubutu. Biro ba ya kusantar tsohuwar takarda.

5. Binciken takardar

Nan ne aikin yake, kuma jerin yana da muhimmanci: ka fara da abin da za a iya dubawa daga hoto, kafin abin da sai ka riƙe takardar.

Fara da awo. Fastocin Amurka na yaƙi na biyu yawanci inci 22 da 28 ne, ko kusan 28 da 40, manyan kuma kusan 40 da 56. Uncle Sam ta 1917 kusan 30 da 40 ce. Na Birtaniya da yawa 20 da 30 ne, ƙanana 15 da 20. Nemo fastar a kundin ɗaya daga cikin gidajen tarihin da na ambata, za ka ga sun rubuta awonta, ka gwada da na mai sayarwa. In ta fito 24 da 36, ko daidai A2 ko A3, awon zamani ne, magana ta ƙare.

Sai ƙananan rubutun da ke can ƙasa a bakin takarda. Ka roƙi mai sayarwa ya ɗauko maka hotonsa daga kusa. Na gwamnatin Amurka suna ɗauke da sunan maɗaba’ar gwamnati, “U.S. Government Printing Office”, da shekara da lamba, wasu kuma da lambar ofishin yaɗa labaran yaƙi na OWI da aka kafa a 1942. Na Birtaniya sukan ce an buga wa “H.M. Stationery Office”, su ambaci sunan maɗaba’ar. Na Sobiyet suna nuna gidan bugu da adadin kwafi, sau da yawa har da farashi. Mai kwafi yakan kwafe wannan layin ma, don haka kasancewarsa ba hujja ba ce. Amma ka duba kaifinsa. A ta asali haruffan tsaf suke kamar an yanka da reza, a kwafi kuwa sun yi laushi, don hoton rubutu ne aka ɗauka. In kuma ka ga sunan wani gidan tarihi, ko adireshin intanet, ko layukan nan na farashi na kanti, ba sai an faɗa ba.

Na uku, ninki. Wannan yana ba sababbi mamaki. Yawancin fastocin Amurka na yaƙi na biyu an ninke su ne tun daga maɗaba’a aka zuba a ambulan aka aika ofisoshin gidan waya da makarantu da shaguna. Saboda haka layukan ninki a jikinsu alama ce mai kyau, kuma wadda ta zo sumul ba ninki ko ɗaya ita ce abin tuhuma. Sai dai akwai wayo: wani kwafin yana nuna layin ninkin a hoto, amma in ka shafa da yatsa ko ka juya bayan takardar ba komai. Ninkin gaske yana ratsawa har baya, kuma tawada takan ɗan kankare a kansa, musamman inda layi biyu suka gitta juna.

Yanzu ɗauko gilashin. Ɗora shi a wuri mai launi ɗaya, kamar jan bango ko shuɗin riga. Fastocin yaƙi na farko da yawa da dutse ko farantin ƙarfe aka buga su, launi bayan launi, to za ka ga tawada shimfiɗe ko mai tsaki-tsaki marar tsari, kuma a bakin zane wani launin yakan ɗan hau kan wani. In a irin wannan fastar ka ga ɗigogi huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, sun jeru kamar ’yan furanni a ko’ina har cikin rubutu, hoton fastar aka ɗauka aka sake bugawa. Amma a kula: fastocin Amurka na shekarun 1940 da yawa da injin ɗigo aka buga su tun asali, don haka ganin jerarrun ɗigogi a hotonsu ba laifi ba ne. Abin da ba shi da uzuri a kowane zamani shi ne feshin injin kwamfuta, wato ƙananan ɗigogi warwatse ba tsari kamar an watsa yaji.

Na ƙarshe, kashe fitila ka haska tocilar a bayan takardar ko farin gefenta. Tun daga shekarun 1950 masu yin takarda suka fara zuba sinadarin ƙara haske, shi ke sa sabuwar takarda ta yi walƙiyar shuɗi-fari a ƙarƙashin wannan haske. Ajiye sabuwar takardar A4 a gefe don ka ga bambanci. Takardar zamanin yaƙi dusu-dusu take fitowa. In ta yi walƙiya, ta faɗi. In ba ta yi ba, ba ta ci jarrabawa ba tukuna, don har yau ana yin takarda marar sinadarin.

Gargaɗi: launin ƙasa-ƙasa ba shaidar tsufa ba ne. Masu jabu suna jiƙa takarda da ruwan shayi. Tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya, ya fi duhu a gefe da kan ninki, kuma takardar yaƙi siririya ce mai arha, don an yi ta ne ta yi ’yan makonni a bango. Kauri da santsi abin zargi ne.

Za ka riƙa cin karo da fastocin da aka manna wa yadi a baya. Ƙwararru ne ke yi: su shimfiɗa fastar a kan takarda marar asid, su ɗora a kan yadin kanbas da kunun sitacin alkama, wanda ake iya warwarewa da ruwa daga baya. Aiki ne karɓaɓɓe a kasuwar, yana daidaita ninki ya riƙe yagewa. Illarsa ita ce ya rufe bayan takardar, ya kuma ɓoye gyare-gyare. Tambayi mai sayarwa kai tsaye ina da ina aka cike da fenti.

6. Saye da lissafin kuɗi

Wuraren da suka fi aminci su ne gidajen gwanjo masu sashen fastoci, irin su Swann Galleries a New York, da dillalan da ke cikin ƙungiyar masu sayar da tsofaffin fastoci ta duniya, IVPDA, waɗanda ke ba da tabbacin cewa kayansu na asali ne. A buɗaɗɗun kasuwanni irin su eBay akwai na gaske da arha, akwai kuma tarko, a nan mataki na 5 ne kaɗai garkuwarka.

Ana auna lafiyar fasta da haruffa: A mai kyau ƙwarai, B mai ’yar yagewa ko tabo ko gyara, C wadda ta sha wuya. B ta ishi mai farawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka kuɗin da aka buga guduma a kai shi ne kuɗin. Gidan gwanjo yana ɗora la’adarsa a kan mai saye, yawanci tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. A ce ka ci gwanjo a dala 200, la’ada kashi 25: ka koma 250. Sai kuɗin aikowa da inshora, wanda zuwa Afirka ta Yamma zai iya kusan kamo kuɗin ƙaramar fasta. Sai abin da banki zai cira a canji, sai kwastan, sai firam. Ka tambayi kuɗin aikowa kafin ka taya, ka rubuta iyakarka a takarda, kada zafin gwanjo ya ja ka ka wuce ta.

Gargaɗi: ka biya ta hanyar da za a iya maido maka da kuɗi in kaya ya saɓa. Ka nemi rasit da ya ce “ta asali” da shekarar bugu a rubuce. Takardar shaida mai ado da hatimi wadda mai sayarwa ya buga da kansa ba ta da wani nauyi.

Wadda take a ninke a aiko ta a ninke tsakanin kwalaye masu ƙarfi. Mai yadi a baya a naɗe ta cikin bututu mai faɗi, fuskar zanen tana waje.

7. Ranar da ta iso

Ɗauki hoton kunshin kafin ka buɗe, ko da za a yi jayayya. Share babban tebur, wanke hannu da sabulu ka busar, ba mai ba turare. Kashe fanka. Bar kunshin ya kwana a ɗakin tukuna, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa tsohuwar takarda ta yi ƙaras tana karyewa a kan ninki. Washegari ka buɗe a hankali, ninki ɗaya bayan ɗaya. In ta ƙi kwanciya, sa ta tsakanin tsabtatattun takardu ka ɗora littattafai a kai na ’yan kwanaki.

Gargaɗi: ba guga, ba yayyafa ruwa. In ka ga yagewa, bar ta haka. Salatif yana komawa ruwan ƙasa ya bar tabon da ba ya fita.

Yanzu ne za ka yi gwajin gilashi da tocila, tun wa’adin mayarwa bai wuce ba.

8. Firam da ajiya

A nan aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Mai firam ya saba da hoton biki da satifiket: ya shafa gam, ya manna a katako, ya datse gefe ya daidaita. In kwafi ne, ba komai, bar shi ya yi yadda ya saba. In ta asali ce, kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana zubar da darajarta. Ka zauna a wurin har a gama, ka ce masa: “Malam, ba gam, ba almakashi, ba laminatin.” Laminatin ba ya warwaruwa har abada.

Abin da ake so shi ne a yi firam ɗin ya fi fastar girma. A bayanta a sa kwali marar asid, irin na masu zane, ba katan ɗin indomi ko falankin katako kai tsaye ba, don su ne ke ƙona takarda ta yi ja a hankali. A riƙe ta da ’yan aljihunan kusurwa na adana hotuna, ko ’yan siraran takardar Japan da kunun sitaci a gefen sama kaɗai, yadda za ta samu wurin motsi in yanayi ya sauya. A sa kwalin gefe ko siririn tsinke tsakaninta da gilashi, domin da damina gumi yana taruwa a cikin gilashi, takardar da ta taɓa shi kuma mannewa take yi. In an samu gilashi mai tare hasken rana, ya cancanci kuɗinsa. A rufe bayan firam ɗin ruf saboda ƙura da kyankyasai.

Rataye ta a bangon ciki wanda rana ba ta bugu, nesa da taga da kicin da hayaƙin turaren wuta. Bangon da ke jiƙewa da damina bai dace ba. Manna ’yan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa na bayan firam ɗin don iska ta riƙa ratsawa. Ja da rawaya su ke fara koɗewa, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa, shi ya sa masu tarawa da yawa ke rataye kwafi su ajiye ta asalin.

In ajiyewa za ka yi, a shimfiɗe ne, cikin babban fayil na takarda marar asid, kowace da takarda tsakaninta da ’yar’uwarta. Kada a ƙasa, kada a jingine da bango, saboda gara. Ɗakin da ba ya zafi sosai kuma danshinsa bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba shi ake so. Ka buɗe ka duba a farkon damina da ƙarshenta: ɗigon ruwan ƙasa, warin rima, ko garin takarda a ƙasan fayil. Rasit da hotunan da mai sayarwa ya turo, da awon da ka yi da abin da ka gani a gilashi, a haɗa su a ambulan guda a ajiye kusa da ita, don ranar da za ka sayar ko magada za su tambaya, su za a fara nema.